Daga Siyena Zuwa Gidan Waya: Yawon Buɗe Ido A Ƙofar Gida

A makon nan ina so in ɗauke ku mu yi 'yar tafiya zuwa kudancin Jihar Kaduna, amma kafin mu shiga mota bari in gaya muku abin da ya haddasa tafiyar tukuna.

Akwai wani ɗan ƙanwata, malamin makaranta, wanda Allah ya yi wa buɗi aka tura shi ƙaro ilmi na 'yan watanni a ƙasar Italiya. Da ya dawo ya zo gaishe ni, bayan mun ci abinci sai ya jawo wayarsa ya shiga nuna mini hotuna. Ga birnin Filorans da ƙatuwar ƙubbarsa ta jan bulo, wadda aka gama ginawa a 1436, har yau kuwa tana nan tsaye. Ga tsohuwar gadar da ke kan kogin Arno, ginin 1345, da kantunan masu sayar da zinariya a jere a kanta. Ga birnin Siyena, kudu da Filorans, inda ake sukuwar dawaki a dandalin tsakiyar gari sau biyu a shekara, ran 2 ga Yuli da ran 16 ga Agusta, unguwanni suna fitowa da tutocinsu da makaɗansu, kai ka ce hawan salla ake yi a Katsina. Sa'an nan ga karkarar da ke kewaye da biranen biyu, wadda ake kira Tuskani, tuddai ne bi da bi, cike da gonakin alkama da inabi da zaitun, da gidajen manoma na dutse inda baƙi ke biya su kwana.

Yaro ya numfasa ya ce, "Kawu, ai mutanen nan sun san darajar abinsu. Mu kam me muke da shi da wani zai taso ya zo gani?"

Na bar shi ya gama, sa'an nan na tambaye shi inda ya yi karatun malanta. Ya ce, "Gidan Waya mana, Kawu, ai kai ka raka ni tasha." Na ce shekara nawa ya yi a can, ya ce uku. Na ce to, a cikin shekara ukun nan ya taɓa zuwa Matsirga? Ya ce a'a. Ya taɓa hawa dutsen Kagoro? Ya ce daga nesa yake hango shi. Na ce Nok fa? Sai ya sunkuyar da kai, domin kuwa kowace shekara yana koya wa yara labarin mutanen Nok daga littafi, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙauyen ba. Ban tsawaita masa ba, saboda ni ma mai laifi ne. A ƙuruciyata na sha wucewa ta Kafancan a jirgin ƙasa, iyakar abin da na sani na garin shi ne tasha da masu tallan lemo da ayaba. Nan take muka yi alkawari za mu je tare mu wanke wannan kunya, muka kuwa cika a ƙarshen damina.

ZANEN DA KE BANGON SIYENA

A cikin hotunan yaron akwai guda ɗaya da na roƙe shi ya bar mini, shi ne kuma ya yi ta dawo mini a rai duk tsawon tafiyarmu. Zane ne da ke bangon zauren majalisar birnin Siyena, wanda wani gwani mai suna Amburojiyo Lorenzeti ya yi tsakanin 1338 da 1339, a ɗakin da mutum 9 masu mulkin birnin ke zama. A bango ɗaya ya zana yadda gari ke kasancewa a hannun shugabanni adilai: magina suna kan rufi, baduku yana sayar da takalma, malami yana karantar da yara, ƙofar gari a buɗe, manoma suna shigowa da jakuna ɗauke da kaya, a bayan ganuwa kuma ana huɗa ana girbi ana sussuka. A saman ƙofar ya zana wata siffa mai fukafukai ya sa mata suna Aminci. A bangon da ke fuskantar wannan sai ya zana mulkin azzalumi: gidaje suna rushewa, mayaƙa sun cika hanya, ƙauyuka suna cin wuta, siffar da ke shawagi a kan karkara kuwa sunanta Tsoro.

Abin da mai zanen ke gaya wa shugabanninsa a fili yake, watau birni da ƙauye abu guda ne, hanyar da ta haɗa su kuwa aminci ne ke riƙe da ita. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

GIDAN WAYA DA TSOHUWAR JAMA'A

Daga Jos muka gangaro ta Hawan Kibo, muka ratsa gefen gandun dajin Nimbiya mai dogayen itatuwan katako da aka dasa layi-layi, muka iso Gidan Waya da hantsi. Wanda ya saba da ƙasar Kano ko Sakkwato, in ya zo nan a ƙarshen damina sai ya riƙa waige-waige. Ciyawa ta fi tsawon mutum, rafuka suna gudu, ga doya da rogo da gwaza da acca da citta, har da bishiyoyin kwakwar manja a bakin kurmi. Garin mararraba ne, hanya ɗaya ta nufi Kafancan, wata ta bi ta Godogodo da Jagindi, wata ta koma Jos. Yawancin mutane ba su san shi da kome ba sai Kwalejin Ilmi ta Jihar Kaduna, inda ɗan ƙanwata ya yi karatu.

Amma fa wannan yanki yana da tarihi. A nan kusa, a gindin duwatsun Daroro, aka kafa tsohon garin Jama'a wajen 1810, ta hannun wani malami Bafillace mai suna Malam Usman, masarautar kuma ta zauna a ƙarƙashin Zazzau. Sai a 1933 aka mai da fadar Sarkin Jama'a Kafancan, bayan jirgin ƙasa ya janye ciniki da jama'a zuwa can. Dattawan ƙabilun wurin suna da nasu labarin na wancan zamani, labarin hare-hare da biyan gandu da gudu zuwa kan duwatsu, kuma mai yawon buɗe ido na gaskiya ya kamata ya saurari bakin kowa, domin ba a sanin tarihin gari daga zaure ɗaya.

A wannan yanki na Jama'a ne kuma aka yi wani abin mamaki wajen 1943. Wani akawun ma'aikatar haƙar kuza ya sami kan mutum-mutumi na yumɓu da aka tono daga rami, ya kai gonarsa ta doya ya kafa don ya tsorata masu ɓarna. Kan ya yi kamar shekara guda a gona kafin labarinsa ya kai kunnen wani Bature ma'aikacin mulki a Jos, Bernard Fagg, wanda ya karanci ilmin tono kayan tarihi. Da Fagg ya gan shi sai ya lura ya yi kama da wasu da masu haƙar kuza suka tono a ƙauyen Nok tun 1928. Daga nan ne duniya ta fara jin sunan Nok, kuma irin waɗannan kayayyaki suna cikin abin da ya sa aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Na ce wa yaron, "Ka ji, shekara uku kana kwana a kan ƙasar da aka tono abin da kake koyarwa."

KAFANCAN, GARIN DA JIRGI YA HAIFA

Kafin zuwan dogo, mutanen Fantsuwam da Kaninkon suna zaune a wurin da gonakinsu. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna ta nan, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos saboda kuza. A lokacin babu gada a kan Binuwai, sai a ɗora taragai a kan jirgin ruwa a haye da su, har aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Daga baya aka ja layi daga Kuru ta Bauci da Gwambe, ya isa Maiduguri a 1964. Ta haka Kafancan ta zama babbar mahaɗa, inda gawayin Inugu da kuzar Jos da gyaɗa da shanun Arewa ke gamuwa. Ma'aikatan jirgi Ibo da Yarbawa suka zo suka zauna, fatake Hausawa suka buɗe rumfuna, mutanen Bajju da Ham da Atyap da Kagoro da Kagoma suka riƙa kawo amfanin gona. Hausa ce ta zama harshen kasuwa, har yau kuma ita ce.

Mun shiga tashar da la'asar. Gine-ginen zamanin Turawa suna nan, ga layuka birjik sun rarrabu, ga tsofaffin taragai sun yi tsatsa ciyawa ta rufe ƙafafunsu, ga gidajen ma'aikata. Na tsaya inda nake jin a nan na taɓa sayen lemo ta tagar jirgi, ban ji kome ba sai kukan awaki. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, muna roƙon Allah ya nuna mana ranar da jirgin fasinja zai riƙa tsayawa a nan kamar da. Wani tsoho da ya yi aikin jirgi har ya yi ritaya ya zagaya da mu, yana nuna mana inda ake shayar da injin gawayi ruwa da yadda ake sauya wa jirgi layi. Ɗan ƙanwata ya ce a Italiya irin wannan tsoho da an ba shi hula da albashi yana yi wa baƙi bayani. Na ce a nan kuwa in ya rasu, an rufe littafin ke nan.

MATSIRGA DA DUTSEN KAGORO

Kashegari da sassafe muka nufi Matsirga, wadda ke kusa da Madakiya, 'yar tafiya kaɗan daga Kafancan. Tun kafin ka ga ruwan za ka ji rugugi. Ruwan yana fitowa ne daga duwatsun Kagoro, ya zo bakin wani dutse ya tsirgo ƙasa kusan mita 30, ya faɗa cikin kwari, feshinsa yana tashi kamar hayaƙi, in rana ta haska shi sai ka ga bakan gizo. A bayan labulen ruwan akwai kogon da mutum zai iya fakewa. Mun daɗe a tsaye ba wanda ya ce uffan, sai can yaron ya ce, "Kawu, na tuba." Gani ya kori ji.

Sai dai ba zan ɓoye muku abin da ya ɓata mini rai ba. Sau biyu muna ɓacewa kafin mu sami hanya, sai da wani mai babur ya yi mana jagora. Wasu samari suka tare mu suka karɓi kuɗin shiga, ba takarda ba rasit. Ledoji da robobin ruwa sun cika gefen dutse, babu wurin zama, babu makewayi, babu abin dafawa a inda santsi yake. Allah ya yi nasa, mu ne muka kasa yin namu.

Daga nan muka wuce Kagoro. Dutsen ya haura mita 1,200 daga doron teku, ya tsaya a bayan garin kamar ganuwa, a kansa kuwa har yanzu akwai mutane da gonaki. A zamanin hare-hare nan ne mafakar mutanen Kagoro. Kowace ranar 1 ga Janairu suna yin bikin Afan, inda mafarauta da makaɗa da masu rawa ke fitowa, 'yan ƙasa na nesa su komo gida. Marigayi Sarkin Kagoro Malam Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 har zuwa 2008, shekara 63 ke nan, yana cikin sarakunan da suka fi daɗewa a kan gado a ƙasar nan. Ni dai rabin dutsen na hau gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, na zauna a inuwa ina hangen Kafancan da gonakin da ke kewaye da ita shimfiɗe kamar darduma. Wata tsohuwa mai saukowa da itace a kafaɗa ta dube ni ta ce, "Sannu Baba, ka gaji ke nan?" Alhali kuwa na tabbata ta girme ni.

NOK

Rana ta uku muka bi ta Kagoma zuwa Kwoi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba, ƙasar mutanen Ham, waɗanda ke yin bikinsu na Tuk Ham a lokacin Ista. Ƙasar citta ce sosai, ko da yake manoma ba su manta da cutar da ta ruɓar musu da ita a daminar 2023 ba, wadda ta karya jarin mutane da yawa. Daga Kwoi zuwa Nok ba nisa. Ƙauye ne a gindin duwatsu, da ɗan gidan ajiye kayan tarihi na Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Masu karatu za su so su san ko su wane ne mutanen Nok. Sunan ƙauyen aka ara aka ba su, domin a nan aka fara tono kayansu, amma ana samun irin kayan a faɗin ƙasa mai yawa a tsakiyar Nijeriya. Masanan Jami'ar Farankfot ta Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, sun fara bincike tare da hukumar tarihi ta Nijeriya a 2005. Bincikensu ya nuna mutanen sun zauna a yankin tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero da wake. Wani bincike da aka buga a 2021 ya gano alamar kakin zuma a jikin tukwanensu, watau ke nan ana shan zuma a wannan ƙasa tun shekara 3,500 da suka wuce. Mutum-mutumin yumɓu kuwa sun fara gina shi wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa, tun ba a kai shekarar 753 da Rumawa ke cewa an kafa birninsu na Rum ba. A Taruga, kusa da Abuja, Fagg ya tono matoyar narkar da tama wadda ta haura shekara 2,000, tana cikin mafi daɗewa da aka sani a Afirka ta Yamma.

Yadda suke ginin ma abin lura ne. Kamar tukunya suke ɗora yumɓu zobe a kan zobe, cikin ya zama rami, sa'an nan su huda ƙwayar ido da hanci da kunne, abin da ke taimaka wa iska ta fita kada wuta ta fasa shi. Idon mai kusurwa uku ne, kai ya fi jiki girma, ga kitso iri-iri da duwatsun wuya da mundaye, har wata fuskar za ka rantse ka taɓa ganin mai ita a kasuwa. Turawa suna kiran irin wannan aiki terakota, kalmar kuwa ta Italiyanci ce, ma'anarta gasasshiyar ƙasa. A zamanin da magina na Nok ke aikinsu, mutanen da suka riga Rumawa zama a Tuskani, waɗanda ake kira Eturuskawa, su ma suna gasa nasu mutum-mutumin na yumɓu. Ashe abin da yaron ya ƙetare teku ya gano, takwaransa yana nan bayan makarantarsu.

Na san wani zai ce ai gumaka ne, me ya haɗa mu da su. Amsata ita ce ba wanda ya ce a bauta musu. Shaida ce ta cewa ƙasar nan ba kango ba ce kafin zuwan Bature, akwai manoma da maƙera da magina masu basira, kuma malamanmu na kowane addini sun sha yi mana wa'azi mu dubi kufan mutanen da, mu yi tunani.

A hanyarmu ta dawowa mun tsaya shan ruwa a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Wani mutum ya ga baƙi da mota, ya ja ɗan ƙanwata gefe ya buɗe masa bakin buhu, sai ga kan yumɓu nannaɗe da tsumma, ya ce a ba shi abin da ya sawwaƙa. Yaron ya zo yana raɗa mini wai mu saya mu kai gidan tarihi. Na ce ko kusa. Da fari dai doka ta hana, domin Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi, ta haramta cinikin irin waɗannan kaya ga wanda ba shi da izini. Na biyu, jabu sun yi yawa. Na uku kuwa, ko da nagari ne, duk wanda ya saya ya ba da kuɗin tono na gaba. Mutumin bai yi mini kama da ɓarawo ba, manomi ne da citta ta ci masa jari. Amma abin da bai sani ba shi ne, da zarar an fizge kan daga ramin da yake, an raba shi da gawayi da tukwanen da za su faɗi shekarunsa, ya zama kurma ke nan har abada.

Wannan ɓarna ta daɗe. A shekarun 1990 an yi ta tone wurare ana fitar da kaya ta kan iyaka, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok a jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya a 2000. A wannan shekarar ce kuma aka ga biyu daga cikinsu a babban gidan tarihi na Lubur da ke Faris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, sai a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Watau yaro ɗan Kwoi sai ya nemi biza kafin ya ga abin da aka tono a ƙasarsu.

ABIN DA ITALIYA TA YI

Kada mai karatu ya zaci mutanen Italiya waliyyai ne. Su ma suna da masu tone kaburburan Eturuskawa da dare suna sayar wa dillalai. Bambancin shi ne sun tashi tsaye. Tsarin mulkinsu na 1948 ya ɗora wa gwamnati nauyin kare kyan ƙasa da kayan tarihi. A 1969 suka kafa runduna ta musamman ta 'yan sanda wadda ba ta da aiki sai farautar ɓarayin kayan tarihi, har ta kai a 2008 wani babban gidan tarihi na birnin Niyok a Amurka ya mayar musu da wata tsohuwar tukunya mai zane da aka sace daga kabari. Da kogin Arno ya yi ambaliya ya shanye Filorans ran 4 ga Nuwamba 1966, samari da 'yan mata ne suka yi tururuwa suna tsamo littattafai daga laka. A 1985 kuma suka yi dokar da ta ba manomi damar sauke baƙi a gidansa na gona, ya ciyar da su daga abin da ya noma, don kada ƙauyuka su watse. Wanda baƙo ke kwana a gidansa saboda tsohon gini ko kyan tudu, shi ne zai fara kama ɓarawon da ya zo ɓata su.

Yanzu sai mu koma ga zanen nan na Siyena. Filorans da Siyena sun daɗe suna gaba, sun gwabza ƙazamin yaƙi a 1260, Siyena ba ta faɗi ba sai a 1555 bayan doguwar tsarewa da yunwa. Yau mota ɗaya ce ke ɗaukar baƙo daga wannan ta kai shi wancan, kowa yana cin abinci. Mu ma ƙasar da na zagaya da ku ta ga bangon nan na biyu da idonta. Rikicin watan Maris na 1987 daga Kafancan ya tashi ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa. An yi na Zangon Kataf a 1992. A watan Afrilu na 2011 kasuwar Kafancan ta ƙone, aka yi asarar rayuka a Zonkwa da kewaye. A 2016 hare-hare suka auka wa yankin Godogodo, nan kusa da Gidan Waya. A watan Fabrairu na 2017 'yan bindiga suka sace Farfesa Breunig da abokin aikinsa a wurin tono a Janjala ta ƙasar Kagarko, aka sako su bayan 'yan kwanaki, amma mutum biyu 'yan ƙauyen da suka bi sawu don ceton baƙinsu sun rasa rayukansu. Musulmi da Kirista, manomi da makiyayi, babu wanda bai binne nasa ba. Baƙo kuwa ba ya zuwa inda masu gida ke tsoron juna.

Saboda haka ina ganin kuskure ne mu zauna muna jiran Turawa masu kyamara. Baƙon farko da Matsirga da Nok ke bukata shi ne Bakano da Basakkwace da Bazazzagi, kamar yadda ganuwar Zariya da marinar Ƙofar Mata ke bukatar ɗan Kagoro da ɗan Kwoi. Yawancin abin da muke faɗa a kan juna daga nesa muke faɗarsa, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Mutumin da ya ci tuwon acca a gidan wani, ya sha ruwan randarsa, da wuya ya yarda da duk jita-jitar da aka kawo masa a kansa.

Ga 'yan shawarwarina, ba kuma masu cin kuɗi da yawa ba ne. Ƙananan hukumomin yankin su kafa alluna a kan hanya da Hausa da Turanci da harshen masu wurin. A tsara karɓar kuɗin shiga da rasit, a ware kaso sananne ga ƙauyen da abin ke cikinsa, a ɗauki samarin nan masu tare hanya aikin shara da gadi. Ɗaliban tarihi na Gidan Waya su riƙa zama da tsofaffin ma'aikatan jirgi da dattawan kowace ƙabila suna rubuta abin da suka sani tun suna da rai, a kuma horar da wasunsu su zama 'yan jagora. Sarakuna da hakimai su sanar da talakawansu cewa wanda ya tsinci kayan tarihi a gona ya bar shi inda yake ya kai rahoto, hukuma kuma ta tanadi tukuici mai tsoka, don kada dillali ya fi ta daraja a idon manomi. Shugabannin makarantu su mai da ziyarar irin waɗannan wurare cikin tsarin karatu. Kai kuma mai karatu, in hutu ya zo ka ɗauki iyalinka ku je, ka tambayi halin da hanya ke ciki kafin ka tashi, ka yi tafiyar rana, ka nemi ɗan gari ya raka ka, ka gai da masu unguwa kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoto.

Da muka rabu a tashar mota, ɗan ƙanwata ya ce ya ƙudura zai kai 'yan ajinsa Nok kafin su gama makaranta, ko da karo-karo za a yi a ɗauki mota. Na ce in ya shirya ya sanar da ni, kuɗin man zuwa a wuyana yake. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa ƙofofin garuruwanmu su zauna a buɗe. Sai mun sake saduwa mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.